Rigarka a Wuyan Na'Allah

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Daga ƙanwarka Atu, matar Sama'ilu baduku, da ke cikin garin Tambuwal, zuwa ga yayana Mahmuda ɗan marigayi Malam Ɗangiwa, mazaunin ƙasar Gwanja. Gaisuwa mai yawa da ladabi da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka tsaye da ƙafafunka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ummu da 'ya'yan da muke jin labarinsu ba mu taɓa sa su a ido ba. Allah ya tsare ka daga ciwon ƙasar kurmi da sharrin hanya, ya sa albarka a fataucinka. Madugu Ɗan'iya ne zai riƙo maka ita, ya kuma yi mini alkawarin zai bi zangon Hausawa gida gida yana tambayarka.

Bayan haka, mu nan muna lafiya gwargwadon hali. Gero ya yi kyau bana, dawa ce tsuntsu ya ɗan taɓa. Sama'ilu yana nan yana fama da fatunsa. Asma'u, wadda ka bari goye a bayana, yau ita ke ɗebo mini ruwa har ta fara koyon kaɗi, ka ga ba sai na tuna maka daɗewar da ka yi ba ka leƙo mu ba. Ayari ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, ba saƙo ba ɗan aike, ko goro ɗaya na shaida babu. An ce zumunta a ƙafa take, to mu taka ko a baki mun rasa ta. Ba don in yi maka gori na ɗauki alƙalami ba, Yaya, ko da yake ka san bakina. A kan Inna na rubuto. Tana nan wurina a Tambuwal, da ranta, amma yadda aka yi ta zo shi ne abin da ya hana ni sukuni, kuma gara ka ji shi daga gare ni kafin wani ya kai maka shi a karkace.

Tun da aka yanke gero hankalin mutanen tungarmu ta bayan Kebbe bai kwanta ba. Ka san lokacin, ruwan gulbi ya fara janyewa, mashigai suna buɗewa, doki yana iya haurowa. Bana kuwa ruwa ya ɗauke da wuri. Bube, Bafillacen nan da ke sauka a gonar Baba kowace kaka shanunsa su ci kara su bar mana taki, bana ko bukka bai kafa ba. Ya tsaya ne kawai ya gaya wa maza cewa ya ga sawun dawaki da yawa a mashaya, kuma ba na fatake ba ne, don babu sawun jaki ko ɗaya a ciki, babu kuma tokar da ke nuna an hura wuta. Ya ce wanda ya yi zango bai hura wuta ba, ba ya son a gan shi ne. Ya kora dabbobinsa gabas bai ko tsaya shan fura ba. Bayansa sai labari ya zo cewa mahara sun ƙone wata tunga can yamma, sun tasa mata da yara gaba. Daga nan manzo ya zo daga fada yana shelar duk wanda ke zaune a fili ya shiga garin da ke da ganuwa. Sama'ilu ya ce mini in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, ya raka ni tunga da jakuna biyu, ya ce in harhaɗa Inna da kayanta, zai dawo ya ɗauke mu.

Na tarar da ita da Goggo Fatsuma, ƙanwar Baba, su biyu rak a gidan nan mai faɗi. Goggo ta riga ta ƙulle ƙunshinta tana jiran a ce tashi. Inna kuwa ta ce ba inda za ta. Ba ta ce don kai ne ba. Ka san ta da kunyar ɗan fari, tun da ta haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba, sai dai ta ce mutumin Gwanja, shi ma tana kau da kai. Cewa ta yi ba a barin gida da kaya a ciki. Amma kowa ya san kayan da take nufi. Ɗakinka na kusa da zaure yana nan yadda ka bar shi, kullum da safe shi take fara sharewa kafin nata. Ga buzunka da butarka, ga allonka da rubutun ƙarshe da ka yi a kai, ga fartanyarka, har da takalman nan da ka ce sun matse ka ka yar. A cikin adudu kuma ga rigar saƙin nan da ita ta kaɗa zarenta da hannunta, Baba ya kai aka saƙa aka ɗinka maka ranar saukarka. Daga lokaci zuwa lokaci takan fitar da ita ta shanya a kan danga ta sha iska, ta turara ta, ta mayar. Goggo ta ce mini duk ranar da aka ji ayari ya dawo, a zaure take wuni da kaɗinta. Da na matsa mata sai ta ce matafiyi ƙofar da ya fita ita yake nema in ya dawo, in ya tarar da kufai juyawa zai yi.

Na ce to bari in fara da abin da ba zai jawo rigima ba. Ashe gidan da aka daɗe a ciki kayansa ba su da ƙarshe. Jeren ƙorai har kusa da jinka, wasu tun na kakarmu, tukwanen da suka tsage aka ɗaure da igiya, akussan Baba, turmin da ya fashe tun muna yara aka ƙi faskara shi, dutsen niƙan da ya cinye har ya yi rami. Kowane na ɗaga sai ta ba ni labarinsa, wa ya kawo shi, a bikin wa, da abin da Baba ya ce ranar. Kada ka ɗauka zuciyar dutse gare ni. A bayan randa na tsinci 'yar tukunyar wasana da ka gina mini da yumɓun bakin gulbi, na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yarinya, sa'an nan na ajiye ta inda na same ta, don jaki biyu ba sa ɗaukar gida. Inna ta ba ni mamaki, nata kayan ba ta yi gardama a kansu sosai ba. Ta raba wa maƙwabta ƙorai, muka binne tasoshinta a gindin rumbu, ta shafa dutsen niƙan ta ce ya zauna ya yi gadi. Amma da zarar na fuskanci ɗakinka sai ta ɗauko taskirarta ta zauna a bakin ƙofa ta hau kaɗi.

Ana cikin haka tunga tana ta wofinta. Kowace safiya sai ka ji wani gida shiru, ba daka ba kukan yaro. Karnukan da aka bari suna bin lungu suna haushin abin da ba mu gani. Masu zuwa kamun kifi suka ce ruwan mashigi ya dawo iya ƙugu. Ni kuwa tsoro ya cika ni, tsoro kuma in ya haɗu da gaggawar da ka san ni da ita ba ya haifar da ɗa mai ido. Na ce a raina rigar nan ita ce turken da ya ɗaure Inna, in babu ita ba ta da abin gadi. Ranar da suka tafi da Goggo tsince ragowar auduga, na buɗe adudu na ɗauko ta na ba Na'Allah maƙwabcinmu, wanda tun rasuwar Baba shi ke gyara mata danga da jinka bai taɓa karɓar ko loma ba. Tsayinku ɗaya da shi. Na ja masa kunne ya ɓoye ta sai mun tafi. Na ce mutumin da ke Gwanja ba zai rasa riguna ba, kuma na san da kana nan kai ma shi za ka ba. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne abin da ko yaro ya sani a ƙasarmu. Mai rai da hannunsa yake kyautar rigarsa. In dangi ne suka shiga ɗakin mutum suka fitar da ita suka bayar, to sadaka ce ta wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Na'Allah bawan Allah, tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa sa irinta ba. Juma'a ta zo, zuciya ta ƙi haƙuri, ya zura ta ya tafi masallacin Kebbe. Mutanen yankinmu kuwa babu wanda bai san rigar nan ba, shekara da shekaru suna ganinta a kan dangar Inna. Suka tambaye shi wa ya ba shi, ya ce Atu. Ba wanda ya ƙara tambaya. Suka ce ai Atu daga Tambuwal ta zo, inda fatake ke ratsawa, ita ta ji labarin take ɓoye wa tsohuwa. Bayan la'asar ina tankaɗe a tsakar gida na ji mazari ya faɗi a zaure. Na leƙa, sai ga Inna tsaye ta ƙura wa hanya ido. Can tsakanin karan dawa ga dogon mutum cikin rigar saƙi yana tafe. Yaya, ban taɓa ganin Inna da gudu ba sai ran nan. Mayafinta ya faɗi ba ta waiwaya ba. Sai da ya rage kaɗan ta isa gare shi ta tsaya cak, ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, “Na'Allah, wa ab ba ka rigag ga?” A bayansa kuwa ga liman da dattawa suna tafe a jere, ga mata da ƙoran gero a ka, irin zuwan da ba a yi sai gidan rasuwa.

Na rantse, na sake rantsewa, na ce kana nan da ranka, ni ce na yi wauta. Suka riƙa dubana da tausayi suna cewa in yi haƙuri, duk mai rai mamaci ne. Liman ya tambaye ni a hankali yaushe rabon da in ji daga gare ka, wa kuma ya gan ka da idonsa. Wani tsoho ya ce shi ma ya ji ana cewa an yi tashin hankali da annoba a kasuwannin Gwanja. Inna ba ta yi kuka ba. Tabarma ta sa aka shimfiɗa mata, ta zauna tana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, idonta a bushe, kuma wannan ya fi kukan ba ni tsoro.

Washegari da hantsi Goggo ta ja ni bayan rumbu. Ta ce in bar rantse-rantsen nan haka. Ta ce ruwan mashigi ya sauko gwiwa, gidaje kaɗan suka rage a tunga, kuma wadda ta ƙi tashi don mai rai ba za ta zauna don matacce ba. Na ce mata ba zan kashe ɗan'uwana da bakina ba. Ta ce ba wanda ya ce in faɗi komai. Muna tsaye sai Inna ta kira ni cikin ɗakinka. Na same ta zaune a kan buzunka, adudun a buɗe a gabanta. Ta ce, “Atu, ɗiyata, dube ni ga ido. Shina da rai?” Na ɗauko numfashi zan ce i, sai sawun dawakin Bube ya faɗo mini a rai, sai kuma na ga cewa ni kaina ban san amsar ba. Na sunkuyar da kai. Ta jira ni, ta daɗe tana jira, ban ɗago ba. Sai ta rufe adudun ta miƙe.

Da hannunta ta kwashe ɗakin, ba ta bari na taɓa ko tsinke ba. Buzu da buta ta aika wa liman, allo ta ce a kai makarantar Kebbe wani ɗa ya wanke ya yi karatu da shi, fartanya da takalma ta ba wani bawan Allah da ke wucewa da iyalinsa. Ta kira Na'Allah, wanda ya zo da rigar a naɗe zai mayar, ta ce ya sa abinsa, ta haɗa masa da adudun, ta ce ya riƙa sa mai ita a addu'a. Ta share ɗakin tun daga ƙurya har bakin ƙofa, ta jingine tsintsiyar a waje. Sa'an nan a zaure, a gaban kowa, ta ɗaga murya ta ce, “Allah shi jiƙan Mahmuda.” Ran nan na fara jin sunanka a bakinta. Ta juyo gare ni ta ce, “Ɗaura kaya. Babu wanda nika jira.”

Da Sama'ilu ya iso ya tarar da mu a shirye, kayan ma ba su cika jaki ɗaya ba, ɗayan Inna ta hau. Ba ta waiwayi gidan ba har muka sha kwana. Ba mu daɗe da shiga Tambuwal ba masu tsaron ganuwa suka hango hayaƙi ta kudu, ya wuni yana tashi. Waɗanda suka tsere suka iso da ƙafafu a fashe, suka ce tungarmu ta zama toka, har zauren da Inna ke zama. Na'Allah ya ƙi bin kowa, ya ce zai tsaya ya ga bayan rumbuna. Ba a ga gawarsa ba, ba a kuma gan shi ba. Wata mata ta ce daga inda ta ɓuya ta hango wani dogo mai rigar saƙi cikin waɗanda aka ɗaure aka yi yamma da su. Allah ya kuɓutar da shi. Goggo tana cewa shirun da na yi shi ya ceci Inna, da yanzu tana cikin tokar nan ko cikin igiyar nan. Wataƙila haka ne, amma ni ban ji daɗin da mai ceto ke ji ba.

Ga halin da ake ciki yanzu. Inna ta daina kaɗi. Taskirar tana rataye, Asma'u ce ke wasa da mazarin. Fura sai na yi da gaske take kurɓa biyu ta ture, ta rame har awarwaronta yana zamewa. Abu ɗaya ta riƙo da kanta daga tunga, ban san da shi ba sai a nan, farin ƙyallen da ta tanada tun tuni don likkafaninta. Yanzu shi take fitarwa ta shanya a kan dangata ya sha iska, ta turara shi, ta naɗe, daidai yadda take yi wa rigarka. Da muka natsu a cikin ganuwa na durƙusa na gaya mata gaskiya duka, cewa ba wanda ya kawo mini labarin rasuwarka, ni ce na ba da rigar don ta tashi. Ta shafa kaina ta ce ni 'yar kirki ce, amma in daina wahalar da kaina da lallashi, ta riga ta karɓi hukuncin Allah. Na ce zan rubuta maka ka amso. Ta ce ai ta san na iya alƙalami, goro kuma ko a kasuwar Tambuwal ana sayarwa.

Saboda haka, Yaya, kada ka aiko da takarda, kada ka aiko da goro ko turmin zane, ba abin da za ta yarda da shi sai fuskarka. Na raba ta da kayanka don in tsirar da ranta, yanzu ga ran yana zurarewa a hannuna ina kallo. In kana da sauran numfashi, ka bar duk abin da kake yi ka biyo ayarin farko kafin damina ta rufe hanya. Kada ka nufi tunga, babu ƙofar da ka fita. Ka shigo Tambuwal ka tambayi gidan Sama'ilu baduku, kowa ya san shi. Ba sai ka riƙo mana komai ba. In ka zo ka yi mini faɗan rigarka yadda ka ga dama, zan durƙusa in saurara.

Ka gaishe mini da Ummu da kyau, ka ce mata ƙanwar mijinta tana roƙonta ta sake ka ko na wata biyu ne. Ka shafa mini kan yara. Sama'ilu yana gaishe ka, Goggo Fatsuma tana gaishe ka tana kuma cewa ka yafe mata shawarar da ta ba ni. Asma'u da ƙanwarta Hauwa'u suna gaida kawun da ba su sani ba. Inna ce kaɗai ba ta ba ni saƙon gaisuwa ba, ka san dalili.

In kuwa Allah ya ƙaddara wani ne ba Mahmuda ba ke karanta wannan takarda, ya kai bawan Allah, don darajar iyayenka ka gaya wa Madugu Ɗan'iya gaskiyar abin da ka sani, da inda aka sa shi, ya kawo mini. Sadakar arba'in ta matso, Inna ta riga ta ce in jiƙa geron gumba, kuma ba zan iya ce mata a'a ba. Ni ce zan daka shi da hannuna, ban kuwa san ko na mai rai zan daka ko na mamaci ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu tun Inna tana gani. Wassalam.

Ƙanwarka,
Atu